Muhammadu al-Katsinawi, Malamin Haruffa da Hatimi

Duk wanda ya tashi a tsohon garin Bauchi, a Ƙofar Ran ko Ƙofar Wunti, ya taɓa ganin laya a wuyan yaro ko a damtsen ɗan dambe. Idan aka farke fatar, sau da yawa abin da ke ciki takarda ce mai zanen gidaje, kowane gida da harafi ko lamba. Wannan shi ne hatimi. Kaɗan ne suka san cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta ƙa'idojinsa, har sunansa ya shiga tarihin Masar, mutumin ƙasar Katsina ne.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafulatani, Larabawa kuwa suna ce masa al-Kashnawi. Ya taso a zamanin da Katsina take matattarar malamai da fatake. Cikin malamansa akwai Muhammadu al-Wali na ƙasar Bagarmi, da Muhammadu Bindu, wanda ya koya masa lissafi da ilimin haruffa.

Tushen wannan ilimi shi ne kowane harafi yana da lambarsa. A Larabci alif 1 ne, ba 2, jim 3, dal 4. Haka abin yake a Ibrananci, harshen Tsohon Alkawari, mai haruffa 22: alef 1, bet 2, gimel 3, dalet 4. Mai karanta Zabura ta 119 ya riga ya gamu da su, domin kashi 22 ce, kowane kashi aya 8, kowace aya tana farawa da harafin kashinta. A wurin mai Zabura wannan tsari ne na waƙa. Amma masu ilimin asiri na Yahudawa, wanda ake kira kabala, sun ɗauka cewa da haruffan nan aka gina duniya, saboda haka wanda ya san sirrinsu zai iya taɓa halitta. Har launi suka shigar ciki. Musa Kordobero, wanda ya gama littafinsa Pardes Rimmonim a garin Safat na Galili a 1548, ya keɓe babi guda ga launuka: fari na jinƙai, ja na hukunci, mai neman jinƙai kuma ya sa fararen tufafi. A Turai, Bajamushen nan Agiripa ya buga littafi a 1533 ɗauke da hatimai bakwai na taurari, wasu da haruffan Ibrananci a gidajensu, daga mai gida uku-uku na Zuhal zuwa mai gida tara-tara na Wata. Shekara ɗari biyu bayan haka Bakatsinen yana zaune a Alƙahira yana aiki a kan irin waɗannan gidaje da haruffan Larabci.

Hatimi mafi ƙanƙanta gida tara ne. Ana jera 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15, lamba 5 tana tsakiya, 2 da 4 da 6 da 8 a kusurwoyi. Haruffan waɗannan huɗu su ne suka haifi kalmar buduhu da ake gani a layu. Mai gida biyar-biyar yana ba da 65, mai bakwai-bakwai 175. Yaro mai haƙuri zai iya gano na farko da gwaji, amma na gida 49 ba ya samuwa sai da ƙa'ida, kuma a nan ne gwanintar Muhammadu take. Ya tsara dabaru da dama na cika hatimin da yawan gidajen gefensa mara ne, ba cika ba, yana nuna inda za a sa lamba ta farko da yadda za a taka zuwa ta gaba. Ya gargaɗi ɗalibi kada ya karaya in ya yi kuskure, ya kuma umarce shi da ɓoye abin da ya sani.

Wajen 1730 ya tafi aikin hajji. A Makka ya fara babban littafinsa, al-Durr al-Manzum, a kan ɗalasimai da taurari, ya kuwa kammala shi a Alƙahira wajen 1733. A tsakanin haka, a 1732, ya rubuta bayaninsa a kan hatimai, wanda kwafinsa ya kai Landan. Daga nan Ba'amurkiya Claudia Zaslavsky ta kawo aikinsa cikin littafinta Africa Counts na 1973, malaman lissafi na duniya suka san shi.

Gidan Kirista ba zai karanta wannan labari ba tare da tambaya ba. Muhammadu bai ɗauki gidajen nan wasan ƙwaƙwalwa ba. Ya gaskata suna kawo kariya da biyan bukata. Littafi Mai Tsarki ya hana duba da sihiri a Maimaitawar Shari'a sura 18, Ayyukan Manzanni sura 19 kuma ta faɗi yadda masu bi na Afisa suka ƙone littattafan sihiri na azurfa 50,000. Ba Kirista kaɗai ke da wannan damuwa ba: Ibn Khaldun, babban masanin tarihi Musulmi da ya rasu a 1406, ya lissafa ilimin haruffa cikin dangin sihiri. Sai dai jimlar 15 ba ta dogara ga wani aljani ba. Ɗan makaranta zai iya tabbatar da ita a kan allo, kuma rashin adalci ne a hana mutumin yabon da lissafinsa ya cancanta don an ƙi abin da ya so yi da shi.

Bai komo Katsina ba. Ya zauna a Alƙahira a gidan Hasan al-Jabarti, masanin taurari, wanda ya ɗauki ilimin hatimi daga gare shi. A gidan nan ya rasu a 1741, bayan ya naɗa mai masaukinsa wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Ɗan Hasan, wato Abdurrahman, wanda aka haifa fiye da shekara goma bayan rasuwar baƙon, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar, ya kuma sa sunan Bakatsinen da na malamansa cikin jerin manyan malaman da suka rasu a ƙasar.