Alhassan Ɗantata da Kasuwar Bayan Teku

Ɗan'uwa manomi, tun da aka fara yankan riɗi bana, tambaya ɗaya nake sha a duk taron ƙungiya da na je: malam, yaya za a yi mu ma mu kai kayanmu ƙasar waje da kanmu? Wasu har an turo musu lambar wani mai saye, wai yana Dubai ko Indiya, ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Maganar lasisi da takardu za mu yi ta wani lokaci. Yau labarin wani mutum zan ba ka, wanda ya yi wannan harka tun babu wayar hannu, babu mota, ya kuma gama da dukiyarsa lafiya.

An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji, ƙasar Kano, a 1877. Mahaifinsa Abdullahi Ba'agale ne, madugu, wato fatauci gadonsu ne. Alhassan yana yaro mahaifin ya rasu, mahaifiyarsa kuma, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta koma Ankara ta ƙasar Gana ta yanzu. Sai ta bar 'ya'yan a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, kuma daga sunanta ne aka samu Ɗantata. Ya yi karatun allo a Bebeji, yana ɗan saye da sayarwa a gefe don ya riƙe kansa.

Yana da kamar shekara 15 ya bi ayari zuwa wurin mahaifiyarsa. Bai tafi hannu sake ba: ya sayi 'yan kaya a Bebeji, ya sayar da wasu a hanya, sauran a Ankara. Mahaifiyar ba ta ajiye shi a ɗaki ta shagwaɓa shi ba, wurin malami ta kai shi, ya ci gaba da karatu da neman na kansa har ya komo gida.

Tsaya ka duba wannan hanya ta Gwanja, don nan ce makarantarsa ta gaske. Fatake suna ɗaukar turkuɗi da jemammiyar fata da kanwa daga Kano, su komo da goro. Tafiyar watanni ce da jakuna. Kowane gari akwai kuɗin da za a biya, kowane kogi akwai kuɗin fito, ga 'yan fashi, ga jaki ya faɗi ya mutu da kaya a bayansa. Shi kuma goro ba hatsi ba ne da za ka zuba a rumbu ka manta. Sai an naɗe shi da ganye a huhu, ana kwancewa ana yayyafa ruwa, ana tsince mai sankara kafin ya ɓata sauran. Falken da bai lissafa abin da zai lalace a hanya ba, ribarsa a baki kawai take. Sannan kasuwar kanta tana iya watsewa: Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja, yaƙin cikin gida ya rushe ta a 1892, fatake suka koma neman wasu wurare. Kuɗin ma ba tabbas. Wuri ya yi ta faɗuwa a waɗannan shekaru, har Turawa suka zo da sulallan azurfa, wanda ya tara arzikinsa a wuri ya ga ta kansa. To ka ga faɗuwar darajar kuɗi da kake kuka da ita yau ba sabon abu ba ne.

A gida ma bai tsira ba. Yaƙin basasar Kano ya ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Agalawa suna ɓangaren Tukur, wanda aka ci, aka kama Alhassan da 'yan'uwansa, sai da aka biya fansa suka kuɓuta. Ya sake farawa.

Wajen 1906 ya yi abin da ya bambanta shi da sauran fatake. Maimakon ya biyo ƙasa da goro, sai ya riƙa tattaro shi daga wajen Kumasi, ya saukar da shi bakin teku a Sekondi da Ankara, ya loda a jirgin ruwa zuwa Ikko. Tafiyar da jaki ke yi a watanni ta koma ta kwanaki, goro ya isa da ɗanyensa, kuɗi ya juya sau da yawa a shekara. Mutane kan ba da wannan labari kamar kasada ce ya yi ya dace. Ni ban ga haka ba. Kayan da ya ɗora a jirgin ya san shi tun yana yaro. Ankara ya zauna a cikinta, mahaifiyarsa tana can, akwai Hausawan zango da za su tsaya masa. Masu cin goron kuma mutanensa ne. Abu ɗaya ne sabo a lissafin, wato hanyar. Kwatanta da mai son ya aika riɗi ƙasar da bai taɓa takawa ba, wurin mutumin da bai sani ba, a kan kuɗin da bai iya lissafinsa ba, da dokar da bai karanta ba. Sababbin abubuwa huɗu ke nan a lokaci ɗaya.

Sai ga jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya fara jigilar kaya sosai a 1912. Turawan mulki auduga suka sa wa rai, don masaƙun Ingila. Manoman Kano kuwa suka yi nasu lissafin suka zaɓi gyaɗa: tana son jigawa, tana gyara ƙasa, in farashi ya faɗi a ci ta a gida, ba kamar auduga ba. A Turai kuma masana'antun sabulu da na man shafa wa burodi suna neman mai ido rufe. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da jirage, amma ba su san ƙauye ba, ba su san wanda za a ba bashi ya dawo da shi ba. Fatake irin su Ɗantata su suka san wannan. A 1918 Kamfanin Neja ya neme shi ya riƙa saya masa gyaɗa. Ya baza yaransa ƙauyuka da kuɗi a hannu, suna saye suna turowa. Kafin shekarun 1920 su yi nisa ya zama attajirin da ya fi kowa a Kano.

Wurin nan nake so ka lura da kyau. Gyaɗar tana ƙarewa ne a Ingila da Faransa, amma shi cinikinsa a Kano yake ƙarewa, a bakin sikeli. Haɗarin teku, kuɗin jirgi, da abin da farashi zai zama kafin kaya ya isa Libaful, mafi yawansa yana wuyan kamfani. Wani zai ce ai ta haka Turawa suka kwashe riba mai tsoka, kuma gaskiya ne, su ke yanka farashi, manomi na can ƙasa yana karɓar abin da aka ba shi. Amma da kasuwar duniya ta faɗi a 1920 zuwa 1921, 'yan kasuwar bakin teku da yawa masu aika kaya da kansu sun karye. Shi kansa Kamfanin Neja, wanda Lever Brothers suka saya a 1920, ya sha asara mai yawa. A 1929 aka haɗe shi da wani kamfanin aka samu UAC, Ɗantata ya ci gaba da zama babban mai saya musu. Bai kuma saki goro ba, yana haɗawa da shanu da tufafi da duwatsun ado, ta yadda in gyaɗa ta yi sanyi wani abin yana tafiya.

A wannan shekara ta 1929 ya kai ajiyar sulallan azurfa a kan raƙuma 20 reshen bankin Turawa na Afirka ta Yamma da ke Kano. An fi ba da labarin don mamakin yawan kuɗin. Ni abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, a shekarar da kasuwannin duniya suka fara rugujewa, farashin gyaɗa ya bi su, mutumin yana da tsabar kuɗi a hannu, ba duka ya zuba a kaya ba.

Dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita, da sunansa ake haɗa farkonta. Ba don ado aka yi ta ba: buhuna ne ke jiran jirgin ƙasa, don layin dogo ba ya iya kwashe amfanin shekara a lokaci ɗaya. Wato ko a wancan zamani sufuri ne maƙogwaron harkar. Abin da ya ƙaru a namu zamanin shi ne gwaji. Tun 1960 aka gano gubar da fumfuna ke bari a gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba, yanzu kuma ana auna ta a tashar jirgi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda maganin ƙwari da ake zuba masa a ajiya. Kaya ya isa can a ƙi shi, kai za ka biya kuɗin dawo da shi ko na ƙona shi.

A ƙarshen rayuwarsa cinikin gyaɗa ya koma hannun hukumar sayen amfanin gona ta gwamnati, 'ya'yansa kuma, irin su Sanusi da Aminu, suka shigo harkar. Ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955, aka binne shi a unguwar Sarari. Aliko Ɗangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa. Dalar gyaɗar kuwa ta yi kamar shekara 20 bayansa, har farin farkon shekarun 1970 da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 suka kwantar da noman, filayen da ake jera buhunan suka koma gine-gine.