Alhaji Abubakar Imam da Fasahar Ban Dariya

An daɗe ana muhawara tsakanin manazarta kan abin da ke sa raha ta yi armashi a adabi: ƙwarewa ce wajen tsara zance, ko kuwa baiwar fito da halin ɗan Adam yadda yake? Rayuwar marigayi Alhaji Abubakar Imam ta isa misali a wannan batu.

An haife shi a Kagara cikin 1911. Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, da ya gama kuma ya zama malami a Makarantar Midil ta Katsina. Yana nan ne aka sa gasar ƙaga labarai ta 1933, wadda Dokta Rupert East ya shirya, ya shiga da Ruwan Bagaja. A littafin nan baiwa ta fi rinjaye. Zubinsa jerin tafiye-tafiye ne kurum, amma ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman ita ta sa masu karatu ba su manta da shi ba.

A 1936 aka kira shi Zariya domin ya rubuta littattafan karatu na makarantu. A nan East ya hore shi kan dabarun tsara labari, yana sa shi maimaita aiki har ya daidaita. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku. Da yawa daga labaran cikinsa aro ne daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, amma Imam ya tufatar da su da rigar Hausa. Wanda ya karanta Kalala da Kalalatu ba zai ji ƙanshin baƙunci ba, domin kwaɗayi da wayon da ke ciki na gida ne.

Daga 1939 ya riƙe editan Gaskiya Ta Fi Kwabo har shekara 12. Ya rasu a Zariya cikin 1981.

Masu fifita ƙwarewa sukan kafa hujja da Magana Jari Ce, masu fifita baiwa kuwa su riƙe Ruwan Bagaja. Sai dai horon East ya tarar da mutum ne wanda ya riga ya san abin da ke ba Bahaushe dariya, ya koya masa inda zai ajiye maganar da inda zai yi shiru. Ɗalibin da ke son rubuta raha yana bukatar duka biyun, amma sanin mutane shi ne farko.