Alhaji Abubakar Imam (1911-1981): Rijiyoyin da Ɗan Kagara Ya Ɗebo Labaransa

 

Gabatarwa

Kamar yadda aka saba, wannan mujalla takan keɓe shafi domin tunawa da ɗaya daga cikin magabatanmu da suka ɗaga sunan garinmu. A wannan fitowa mun zaɓi marigayi Alhaji Abubakar Imam. Da wuya a sami wanda ya yi karatun Hausa a makarantar boko bai taɓa riƙe Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce a hannunsa ba. Sai dai kaɗan ne daga cikinmu suka san yadda aka yi waɗannan littattafai suka samu. Da yawa mun ɗauka cewa baiwa ce kawai ta sauko masa, ya ɗauki alƙalami ya yi ta zubawa. Babu mai musun baiwarsa, amma wannan zato yana da illa, domin idan baiwa ce kaɗai, to babu abin da ya rage mana sai yabo. Tarihinsa kuwa ya nuna cewa bayan baiwar akwai gida na ilimi, da karatu mai yawa, da malamin da ya tsaya a kansa, da aiki tuƙuru. Waɗannan abubuwa ne da za mu iya samar wa 'ya'yanmu.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Abubakar Imam a nan Kagara a shekarar 1911, a gidan malamai waɗanda asalin kakanninsu daga ƙasar Barno ne. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne sananne, wanda ya riƙe alƙalanci a garin nan. Saboda haka da allo ya fara, kuma ya tashi yana jin karatun littattafan Larabci a zaure tun kafin ya san haruffan boko.

Yayansa, Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda aka haifa a 1890, shi ne ya ɗauke shi zuwa Katsina, inda yake koyarwa. A can ya shiga makarantar boko, sannan a 1927 ya sami shiga Kwalejin Katsina, wadda a lokacin ita ce ƙololuwar karatun boko a Arewa. Ya gama a 1932, aka ba shi aikin koyar da Turanci a Makarantar Midil ta Katsina. Ke nan tun yana ɗan shekara 21 ya mallaki harsuna uku: Hausa da ya sha a nono, da Larabci da ya gada a gida, da Turanci da ya koya a aji. Kowane ɗaya daga cikin harsunan nan rijiya ce ta labarai, kuma daga dukansu ya ɗebo.

Gasar 1933 da Ruwan Bagaja

A wancan zamani yaran da suka koyi karatun boko ba su da abin karantawa da Hausa sai 'yan littattafan da aka fassaro. Malamai sun saba da rubuta waƙoƙin wa'azi da tarihi da fiƙihu, amma ƙaga labari a rubuta shi da zube ba abu ne da suke ganin ya dace da darajarsu ba, domin a ganin jama'a tatsuniya ta mata da yara ce. Domin cike wannan giɓi ne Dokta R. M. East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, wadda daga baya ta zama Hukumar Talifi, ya zagaya manyan garuruwa a 1933 yana neman malamai su shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai.

Littattafai biyar ne suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Ya kamata kowane ɗan Kagara ya lura da wannan: biyu daga cikin littattafai biyar da suka kafa harsashin ƙagaggun labaran Hausa na boko, daga gida ɗaya suka fito, kuma gidan nan namu ne. Wa da ƙane kowa ya bi tasa hanya. Malam Bello ya ɗauko abin da ya faru a ƙasar nan, wato zuwan Turawa da yaƙinsu da Kwantagora a zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, ya gina jarumin labarinsa a kai. Shi kuwa Abubakar sai ya juya ga littattafan da ya karanta.

Ruwan Bagaja labari ne na wani saurayi da ya bar gida domin nemo ruwan da zai warkar da ɗan sarki, bayan an wulaƙanta liman a fada don ya ce akwai wannan ruwa. A kan hanya yana ta haɗuwa da wani hatsabibi, Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yau wannan ya cuci wancan, gobe wancan ya rama. Duk wanda ya karanta Muƙamatul Hariri a zaure zai gane inda wannan tsari ya samo asali. A cikin muƙamomi 50 na Hariri, mutumin Basra, mai ba da labari yakan isa gari ya tarar da mayaudari Abu Zaid ya sake kama, sai daga baya ya gane shi. Imam bai ɓoye cewa ya amfana da wannan littafi ba. Masu nazari kuma sun lura da kamannin jigon neman ruwan magani da wata tatsuniyar Jamus da 'yan'uwan nan biyu, Grimm, suka tattara. Amma kasuwannin da ke cikin labarin, da alƙalai da dogarai da 'yan caca da bokaye, da irin baƙar maganar da ake mayarwa, duk na ƙasar Hausa ne. Har sunansa ya ba jarumin, Alhaji Imam. Yana da shekara 22 lokacin da ya rubuta shi, aka buga shi a 1934.

Wata Shida a Zariya

East ya ga cewa wannan matashi yana da abin da ba a koyarwa, wato daɗin baki da iya sa mai karatu dariya. Saboda haka a 1936 ya nemi a ba shi aron Malam Abubakar daga Katsina zuwa Zariya na tsawon wata shida, domin ya rubuta littattafan karatu na makarantu. Da ya iso, sai East ya tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban: Alfu Laila wa Laila, da tatsuniyoyin Turai, da hikayoyin Indiya da na Farisa. Aikinsa shi ne ya karanta, ya zaɓa, ya rubuta, East kuma ya duba su tattauna gyara. Imam ya bayyana a tarihin rayuwarsa cewa ya koyi ƙa'idoji da dama daga East, daga ciki har da cewa kada marubuci ya bar macuci ya yi nasara a kan mutumin kirki a ƙarshen labari, ko da a farko ya fi shi ƙarfi. A cikin wannan ɗan lokaci ne ya rubuta Magana Jari Ce, littafi na ɗaya zuwa na uku, masu ɗauke da labarai sama da 80, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939.

Idan muna son ganin yadda yake aiki, mu dubi ginshiƙin littafin. A hikayoyin Indiya da Farisa akwai wani aku da yake ba wata matar aure labari kowane dare, domin ya shagaltar da ita har gari ya waye, kada ta fita wajen wani namiji alhali mijinta yana tafiya. Imam ya san cewa wannan ba abin da za a miƙa wa ɗan makaranta ba ne. Sai ya riƙe akun da dabararsa, ya sauya komai da ke kewaye da su. A wurinsa Sarki Abdurrahman ne ya tafi yaƙi, waziri maci amana yana ƙulla yadda za a fitar da ɗan sarki Musa daga gida a halaka shi, aku kuma yana tsare yaron da labarai har asuba. Da haka zancen ya koma na amana da sarauta da amfanin iya magana. A littafi na biyu akun, wanda ya zama waziri, yana gasar labari da wani aku mai suna Haziƙ. A na uku kuma yana koyar da ɗansa Fasih. Ke nan malamin makaranta bai bar sana'arsa ba, ya dai sa ta a bakin tsuntsu.

Haka ya yi da ɗaiɗaikun labaran. Labarin Sarkin Busa ya samo asali daga hikayar Jamus ta mai sarewa da ya raba wani gari da ɓeraye aka hana shi ladarsa. Labarin Kalala da Kalalatu yana da 'yar'uwa a tatsuniyoyin Grimm, ta wata mai dafa abinci da ta cinye kajin baƙo. Na Ƙamaruzzaman kuwa daga Alfu Laila yake. Amma yaron da ya karanta su a Kagara ko Daura ba zai taɓa jin ƙanshin baƙunta ba, domin an sauya sunaye da abinci da sutura da gaisuwa, an sa karin magana a inda Bahaushe zai sa ta, har wasu labaran karin magana ce kanunsu. Wasu masana na ganin aron ya yi yawa, kuma muhawara ce da ake yi a jami'o'i. Mu dai abin da muka gani shi ne, auduga ko daga ina aka sayo ta, zanen na masaƙi ne.

Jarida da Sauran Ayyuka

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, aka naɗa Imam editanta na Hausa na farko, aikin da ya riƙe fiye da shekara goma. A nan rijiyarsa ta sauya: maimakon littattafai, sai labaran Yaƙin Duniya na Biyu da wasiƙun masu karatu da koke-koken talakawa. A 1943 yana cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma da ta ziyarci Ingila, tare da Nnamdi Azikiwe, kuma abin da idonsa ya gani a wannan tafiya shi ya zama littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi a 1944. Daga baya ya mayar da hankali ga littattafan addini, kamar Tarihin Annabi Kammalalle. Ya shiga siyasa, ya zama ɗan majalisa a farkon shekarun 1950, sannan ya yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Allah Ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70. A 1989 aka buga tarihin rayuwarsa da Turanci, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tsara.

Kammalawa

A watan Fabrairu na 2021 sunan Kagara ya zagaya duniya, amma ba don alheri ba, sai don 'yan bindiga sun shiga kwalejin kimiyya ta garin nan sun sace ɗalibai da malamai. Mutane da dama a ranar ne suka fara jin sunan garinmu, ba su san cewa shi ne mahaifar marubutan Ganɗoki da Magana Jari Ce ba. Wane suna ne zai ɗore a kunnen jikokinmu, wannan ya danganta da abin da muka yi.

Abin da ya gina Abubakar Imam ba ɓoyayye ba ne. Uba ya ba shi karatun zaure, wa ya ɗauki nauyinsa zuwa makaranta, malami ya ajiye masa tarin littattafai ya kuma zauna yana gyara masa rubutu. Saboda haka muna kira ga 'yan wannan ƙungiya, na gida da mazauna Minna da Kaduna da Abuja da sauran wurare, da kowa ya sayi littattafan nan ya kai makarantar unguwarsu. Muna kuma ba shugabanni shawarar a keɓe ɗaki guda na karatu da sunan waɗannan 'yan'uwa biyu, a riƙa shirya gasar rubuta labari ga ɗalibai duk shekara, a nemi malaman da za su duba rubutun yaran su gyara musu. Gasa ɗaya ce ta fito da Imam a 1933. Ba mu san ko wane yaro ne yake zaune a aji a yau yana jiran tasa ba.

Allah Ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam da yayansa Malam Bello da iyayensu, Ya sa Aljanna ce makomarsu, Ya zaunar da garinmu lafiya, amin.