Marigayi Larrazolo, Malamin Makaranta da Ya Zama Gwamna

An haifi Octaviano Larrazolo a ƙasar Meksiko cikin 1859. Tun yana yaro wani babban limamin Kirista ya tafi da shi Amurka karatu. Da ya gama sai ya kama koyarwa, daga baya ya zama akawun kotu a El Paso ta jihar Teksas, ya karanci shari'a har ya zama lauya a 1888.

Cikin 1895 ya koma Niyu Meksiko, inda masu jin Sifaniyanci suke da yawa ƙwarai. Sau uku yana neman wakilcinsu a majalisar ƙasa, sau uku yana faɗuwa. Amma da aka zo rubuta tsarin mulkin jihar a 1910, ya tsaya tsayin daka har aka sa doka, watau ba za a ware 'ya'yan mutanensa a makarantu dabam ba, ba kuwa za a hana kowa ƙuri'a don bai iya Turanci ba. A ganina wannan ya fi dukan muƙaman da ya riƙe, gama kowane malami ya san halin yaron da aka tsangwama saboda harshen gidansu.

Ya yi Gwamna daga 1919 zuwa 1921, jam'iyyarsa ba ta sake tsai da shi ba. A 1928 ya shiga Majalisar Dattawan Amurka, shi ne haifaffen Meksiko na farko a cikinta. Bai daɗe ba ciwo ya komar da shi gida, ya rasu a Albuquerque ran 7 ga Afrilu, 1930.