Tarihin Guan Yu, Jarumin Da Yaranmu Ke Yaƙi Da Shi A Talabijin, Kuma 'Yan Kasuwar Sin Ke Girmamawa

A wannan karon za mu yi nisan zango, domin mutumin da za mu kawo tarihinsa ya rasu sama da shekara 1,800 da suka wuce a can ƙasar Sin, amma da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin fuskarsa ba tare da mun san sunansa ba.

Wanda ya taɓa leƙa shagon wasan bidiyo a zangon Bawku ko na Yendi don neman yaron da ya aika tun safe, ya san cewa ƙwallo yaran suka fi bugawa. To amma akwai wani wasan yaƙi mai suna Dynasty Warriors, wanda kamfanin Koei na ƙasar Japan ya fara fitarwa a shekarar 1997. Tun daga fitowa ta biyu a shekarar 2000 a kan na'urar PlayStation 2, tsarin wasan shi ne mutum ɗaya ya kutsa cikin runduna yana sara hagu da dama, na'ura kuma tana ƙirga masa yawan waɗanda ya kayar. Cikin jaruman da ake zaɓa akwai wani ƙato mai dogon gemu da koriyar riga, riƙe da dogon mashi mai faffaɗan kai kamar adda. Haka kuma 'yan uwanmu masu zuwa sarin kaya Guangzhou ko Hong Kong sukan ga mutum-mutumin wani mai jar fuska da irin wannan gemu a kusurwar shaguna, an kunna masa turare. Duk mutum ɗaya ne, sunansa Guan Yu.

Shi dai Guan Yu mutumin gundumar Xie ne, a yankin da a yau ake kira Yuncheng cikin lardin Shanxi, ƙasar da ta shahara da tafkin gishiri. Tarihi ya fara ambatonsa ne a matsayin ɗan gudun hijira da ya tsere zuwa arewa, zuwa yankin Zhuo. A nan ya haɗu da Liu Bei, wani mai jinin sarauta da talauci ya sa shi sayar da tabarmi da takalman kaba, da kuma Zhang Fei. A shekarar 184 ne tawayen masu ɗaura rawayan ƙyalle a ka ya girgiza daular Han, Liu Bei ya tara mayaƙa, su biyun nan suka bi shi. Malamin tarihi Chen Shou, wanda ya rubuta labarin zamanin kafin ƙarshen ƙarni na 3, ya nuna cewa su ukun shimfiɗa ɗaya suke kwana kamar 'yan uwa, amma idan an fito bainar jama'a sai Guan Yu da Zhang Fei su tsaya a bayan Liu Bei wuni guda suna gadinsa.

Abin da ya ɗaukaka sunansa ya faru ne a shekarar 200. Cao Cao, wanda ya riƙe sarkin Han a hannunsa yana mulki da sunansa, ya fatattaki Liu Bei daga lardin Xu, ya kama Guan Yu a garin Xiapi. Maimakon ya kashe shi, sai ya ba shi muƙamin soja, ya riƙa yi masa kyauta iri-iri. Da ya lura hankalin mutumin ba ya tare da shi, sai ya tura Zhang Liao, wanda abokin Guan Yu ne, ya bugi cikinsa. Guan Yu bai ɓoye komai ba. Ya shaida masa cewa ya san irin alherin da ake yi masa, amma ya riga ya yi wa Liu Bei alkawarin mutuwa tare, don haka ba zai zauna ba, sai dai ba zai tafi ba sai ya biya alherin da aiki.

Damar biyan ta zo a wannan shekarar, lokacin da dakarun Yuan Shao suka kewaye garin Boma. Guan Yu ya hango laimar babban kwamandansu Yan Liang daga nesa, ya zaburi doki ya ratsa cikin rundunar, ya soke shi, ya sare kansa ya dawo da shi, ba wanda ya iya tare shi. Wannan ne wuri guda da za mu ce wasan yaranmu bai yi wa tarihi ƙari mai yawa ba. Cao Cao ya sa aka naɗa masa sarauta, ya kuma ƙara masa dukiya. Shi kuwa sai ya tattara duk abin da aka ba shi, ya ƙulle ya buga hatimi, ya bar takardar sallama, ya kama hanya zuwa wajen Liu Bei, wanda a lokacin bai mallaki ko gari ɗaya ba, yana raɓe ne a sansanin Yuan Shao. Fadawa suka nemi a bi shi, Cao Cao ya hana, a kan cewa kowa ubangidansa yake yi wa aiki.

Mu da kakanninmu suka yi fataucin goro tsakanin Kano da Salaga ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan wannan. Falke yakan sauke kaya a gidan maigida, ya tafi ya yi watanni, ba takarda ba shaida, ya dawo ya tarar da lissafinsa daidai. Da irin wannan aka gina kasuwar Gwanja kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa Karachi da Yeji da sauran garuruwa. Abin da 'yan kasuwar Sin suka gani a jikin Guan Yu ke nan, mutumin da ya biya bashin wannan, bai kuma ci amanar wancan ba.

Sai dai rabin rayuwarsa na biyu ba a cika ba da labarinsa a shaguna ba. Bayan yaƙin da aka yi a kan kogin Yangtze a shekarar 208, inda Liu Bei da Sun Quan mai mulkin kudu maso gabas suka haɗa kai suka karya Cao Cao, Sun Quan ya bar wa Liu Bei yankin Jiangling na lardin Jing. Mutanen Sun Quan sun ɗauki abin a matsayin aro. Da Liu Bei ya tafi yamma ya ci birnin Chengdu a shekarar 214, Guan Yu aka bar wa riƙon lardin. A shekarar 215 masu aro suka aiko a ba su yankuna uku, suka turo hakimansu, Guan Yu ya kore su duka. Saura kaɗan a gwabza, kafin a sasanta a raba lardin biyu, kogin Xiang ya zama iyaka. Har gobe Sinawa suna buga misali da aron lardin Jing idan suna zancen aron da ba ya dawowa.

Jarumtarsa dai ba ta ragu ba. An taɓa harbinsa da kibiya mai dafi a hannun hagu, likita ya tsaga hannun yana kankare ƙashin, jini na zuba a tasa, shi kuwa yana cin nama yana hira da manyan sojojinsa. Matsalarsa girman kai ce. Yana kyautata wa ƙananan sojoji, amma yana raina manya da masu ilimi. Sun Quan ya aiko neman auren 'yarsa ga ɗansa, ya zagi manzon ya sallame shi. Da aka ba tsohon jarumi Huang Zhong muƙami daidai da nasa, da farko ƙin karɓar nasa ya yi sai da aka lallashe shi. Mafi muni, ya raina Mi Fang da Shi Ren, mutane biyun da ke riƙe da garuruwan Jiangling da Gong'an, waɗanda kuma su ne masu aika masa abinci da makamai idan ya fita yaƙi.

A shekarar 219 ya yi arewa ya kewaye garin Fancheng. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kogin Han ya yi ambaliya ya cinye rundunoni bakwai da Cao Cao ya turo a ƙarƙashin Yu Jin. Guan Yu ya bi su da jiragen ruwa, Yu Jin ya miƙa wuya, aka kama fursunoni kimanin 30,000. Sunansa ya cika ƙasa, har Cao Cao ya fara shawarar ɗauke fadar sarki daga inda take. To amma bakuna dubu talatin sai sun ci. Abinci ya yanke, ya ɗebi shinkafa daga rumbun Sun Quan da ke kan iyaka ba da izini ba, ya kuma aika wa Mi Fang da Shi Ren cewa zai hukunta su idan ya dawo saboda gazawarsu.

Kwamandan Sun Quan mai suna Lu Meng ya daɗe yana jiran wannan rana. Ya yi ƙaryar rashin lafiya ya janye, aka turo wani matashi Lu Xun wanda ya rubuta wa Guan Yu wasiƙar yabo da ƙasƙantar da kai. Guan Yu ya saki jiki, ya kwashe masu tsaron baya ya kai su fagen fama. Daga nan Lu Meng ya ɓoye zaratan sojoji a cikin jiragen fatake, ya sa masu tuƙi suka yi shigar 'yan kasuwa, suka riƙa tafiya dare da rana suna kama masu gadin bakin kogi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya samu ya kai labari. Wato mutumin da 'yan kasuwa suka ɗauka uban gida, da rigar 'yan kasuwa aka ci shi. Mi Fang da Shi Ren suka buɗe ƙofofi ba tare da wani yaƙi ba.

Lu Meng ya hana a taɓa iyalan sojojin Guan Yu, har ya sa aka kashe wani ɗan garinsu saboda ya ɗauki malafa a gidan talaka. Da labari ya kai ga sojojin cewa matansu da 'ya'yansu suna cikin aminci, sai suka fara sulalewa. Xu Huang kuma ya riga ya karya kewayen Fancheng daga arewa. Guan Yu ya ja da baya zuwa Maicheng, daga nan ya fita da 'yan mahaya kaɗan, aka yi masa kwanton ɓauna aka kama shi tare da ɗansa Guan Ping, aka kashe su a Linju cikin hunturun da ya haɗa ƙarshen 219 da farkon 220. Sun Quan ya aika wa Cao Cao da kan, shi kuwa ya sa aka binne shi a Luoyang da girmamawa irin ta manyan hakimai. Liu Bei ya fita ɗaukar fansa, Lu Xun ya ƙone sansanoninsa a Yiling a shekarar 222, ya rasu a shekara mai bi mata.

Mafi yawan abin da yaranmu suka sani game da shi ya fito ne daga wani ƙagaggen littafi na ƙarni na 14 da ake jingina wa Luo Guanzhong, wanda a kansa aka gina wasan. Rantsuwar 'yan uwantaka a cikin lambu, da jan dokin nan da aka ce ya gada daga Lu Bu, da sakin Cao Cao da aka ce ya yi bayan yaƙin 208, duk daga can suke. Ko makamin nan mai kan adda ba a fara amfani da irinsa ba sai ɗaruruwan shekaru bayan mutuwarsa.

Sarakunan Sin sun yi ta ƙara masa laƙabi bayan ransa, har a shekarar 1614 sarki Wanli na daular Ming ya ɗaga shi zuwa matsayin sarki a cikin abubuwan bautarsu. Attajiran Shanxi, waɗanda suka yi arziki da gishiri da kuma aika kuɗi daga gari zuwa gari, sun ɗauke shi ɗan gida, duk inda suka kafa masaukin fatake sai sun keɓe masa wuri. Babban ɗakin bautarsa yana Xiezhou, kusa da mahaifarsa. A wasan kuwa, wanda sabon fitowarsa ya shigo kasuwa a watan Janairun 2025, yaƙin Fancheng yana cikin fagagen da aka saba maimaitawa, kuma a yawancin fitowar yaro yana iya zaɓar ya shiga a ɓangaren Guan Yu, ko kuma a ɓangaren waɗanda suka kama shi.