Abubakar Ar-Razi: Likitan Da Ya Tsara Aikin Ɗakin Gwaje-Gwaje

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

A masallatanmu na Zongo, idan aka ambaci Ar-Razi, wanda muka fi sani shi ne Fakhruddin mai tafsiri. To, akwai wani Ar-Razin da ya riga shi da kusan shekara ɗari uku, shi ne Abubakar Muhammad ibn Zakariyya, likita kuma masanin haɗa sinadarai. Tarihinsa muka kawo yau, saboda 'ya'yanmu da ke shiga ɗakunan gwaje-gwaje a makarantun sakandare da Jami'ar Lome, da 'yan uwa masu aikin awon jini a asibitoci.

An haife shi a birnin Rayy, kusa da Tehran ta yau a ƙasar Iran, wajen shekara ta 251 bayan Hijira, wato 865 Miladiyya. Da farko ya duƙufa ne kan aikin sinadarai, irin na masu neman mai da tagulla da dalma su zama zinariya. Wasu marubuta tarihi sun ruwaito cewa tururin abubuwan da yake ƙonawa ya taɓa masa ido, kuma neman maganin idon ne ya ja shi zuwa karatun likitanci. Daga baya ya shugabanci asibitin Rayy, sannan na Bagadaza.

Yawancin masu aikin sinadarai na wancan zamani sukan ɓoye saninsu cikin habaici da kalmomi masu harshen damo, don kada wani ya gane. Shi kuwa, a littafinsa Kitabul Asrar, ya rubuta komai filla-filla cikin kashi uku: sanin sinadaran, sanin kayan aikin, da sanin matakan aikin.

Sinadaran ya raba su gida uku: na ƙasa, na tsirrai da na dabbobi. Na ƙasa ya sake raba su shida, ya ware masu tashi idan sun ji wuta, kamar zaiba da farar wuta, daban da ƙarafa, da duwatsu, da gishiri iri-iri. Yakan bayyana launin kowanne da yadda za a bambance mai kyau da gurɓatacce. Kayan aikin ma ya lissafa su: murhu, zugazugi, awartaki, tukunyar narka ƙarfe, kwalabe, mazurari, rariya, turmi. Idan ya zo kan matakai sai ya faɗi nauyin kowane abu, da ƙarfin wutar da za a hura, da tsawon lokacin jira, da alamar da za a gani idan aikin ya nuna. A wasu wurare ya gargaɗi mai aiki da ya kiyayi shaƙar tururi mai guba. Da irin wannan rubutu, wanda bai taɓa zama gabansa ba zai iya maimaita aikin, ya ga ko sakamakon zai fito daidai.

Haka ya yi a likitanci. Da yake son sanin illar zaiba a jiki, sai ya ba wani biri, ya zauna yana lura da abin da ya same shi. Da yake son tabbatar da amfanin fitar da jini ga masu alamun ciwon sarsam, mai kama da sanƙarau, sai ya yi wa rukuni ɗaya, ya bar ɗaya rukunin da gangan don ya kwatanta. Likitocin yau sun bar wannan maganin, amma kwatanta rukuni biyu har gobe shi ne ginshiƙin gwajin sababbin magunguna. Ya rubuta littafi kan bambancin agana da ƙyanda, ya kuma rubuta wani kan wuraren da abin da ya gani da idonsa ya saɓa wa maganar babban likitan Girka, Jalinus.

Idanunsa sun rufe a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a Rayy wajen shekara ta 313 bayan Hijira, wato 925. Almajiransa suka tattara bayanan da ya bari a kan marasa lafiya, suka zama littafin Al-Hawi, wanda aka fassara zuwa Latin a 1279. Malamai sun yi masa raddi kan wasu ra'ayoyinsa na falsafa, kuma zinariyar da aka yi ta nema ba ta samu ba. Abin da ya wanzu shi ne tsarin aikinsa.

Wannan tsarin ya shafe mu kai tsaye. Ɗalibin da ya bar kwalba babu suna a jikinta ya ɗana wa na bayansa tarko. Mai awon jinin da ya musanya kwalaben mutum biyu, ko ya rubuta sakamakon da bai gani ba, yana iya sa a ba mai lafiya magani, a sallami marar lafiya gida. A gidajenmu ma, masu haɗa sabulu da soda su sa safar hannu su kare idanunsu, su zuba sodar cikin ruwa sannu a hankali, kada su zuba ruwa a kanta. Kada a haɗa ruwan javel da wani maganin wanke banɗaki, domin iskar da ke fitowa tana cutar da huhu. A san abu kafin a taɓa shi, a auna, a buɗe taga, a rubuta abin da aka gani ko da ya saɓa wa abin da aka so. Ran da ke gaban mai aiki amana ne, nasa da na wanda zai dogara da sakamakonsa.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya kare su a wuraren karatunsu da aikinsu. Amin.