Soichiro Honda: Ɗan maƙerin da ya mai da filin tsere makarantarsa

Duk inda masu sha'awar mota da babur suka zauna ana musun wane inji ya fi wani gudu da juriya, da wuya a tashi ba a ambaci Honda ba. Mai wannan suna, Soichiro Honda, bakanike ne da bai yi zurfi a karatun boko ba.

An haife shi ranar 17 ga Nuwamba, 1906, a wani ƙauye kusa da Hamamatsu a ƙasar Japan. Mahaifinsa maƙeri ne mai gyaran keke, mahaifiyarsa kuwa masaƙiya. Yana ɗan shekara 15 ya tafi Tokyo koyon gyaran mota a garejin Art Shokai, kuma a 1928 ya koma Hamamatsu ya buɗe reshen garejin.

Tun yana saurayi tseren mota ya shiga ransa, har sai da mummunan haɗari ya rutsa da shi a wata gasa a 1936. Daga nan ya karkata ga ƙera ringin fistin. Da ya kai wa kamfanin Toyota samfuri 50, uku kacal aka amince da ingancinsu. Maimakon ya yi zuciya, sai ya shiga makarantar fasaha ya koyi ilimin sarrafa ƙarfe, har kayansa suka karɓu.

Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu da girgizar ƙasa ta 1945 sun rusa masana'antunsa, ya sayar wa Toyota abin da ya saura. A 1946 ya fara ɗaura wa kekuna ƙananan injinan da sojoji suka bari, ganin yadda jama'a ke fama da ƙarancin abin hawa. A 1948 ya kafa kamfanin Honda. Shekara guda bayan haka Takeo Fujisawa ya zo ya riƙe harkar kuɗi da ciniki, shi kuma ya duƙufa kan inji.

A 1954, kamfanin na cikin matsin kuɗi, ya shelanta cewa zai shiga gasar babura ta tsibirin Man, wadda Turawa suka mamaye. Manufarsa ita ce injiniyoyinsa su gwada ƙwarewarsu da gwanayen duniya. Sun fara shiga a 1959, kuma a 1961 baburan Honda suka kwashe matsayi na ɗaya zuwa na biyar a rukuni biyu. A 1965 motarsa ta lashe tseren Formula 1 a Meziko.

Sai dai bai bari son gudu ya mantar da shi talaka ba. Babur ɗin Super Cub da ya fitar a 1958, mai sauƙin tuƙi da tsimin mai, an ƙera fiye da miliyan 100 ya zuwa 2017. A Najeriya ma kamfanin ya kafa reshe a 1979, kuma yana harhaɗa babura a Ota ta Jihar Ogun.

A 1973 shi da Fujisawa suka sauka tare, suka miƙa ragama ga Kiyoshi Kawashima, injiniyan da ya taso a kamfanin, ba ga 'ya'yansu ba. Wannan abin dubawa ne ga 'yan kasuwarmu, waɗanda sau da yawa dukiyarsu kan watse da zarar mai ita ya kwanta dama.

Honda ya rasu ranar 5 ga Agusta, 1991, yana da shekara 84.